Yaya Sanusi, Wanda Ya Naɗa Ni Likita

Ina cikin labo, ɗakin gwaje-gwajenmu a jami'a, ina zana ƙwayoyin fatar albasa da nake gani ta mikroskop, sai waya ta yi ƙara. Inna ce daga Alela. "Hadiza, sai haƙuri. Allah ya karɓi yayanki Sanusi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko labarin rashin lafiyarsa ban ji ba.

Yaya Sanusi ɗan kabu-kabu ne a Birnin Konni. Shi ya tsaya kai da fata na shiga jami'a, lokacin da baffanninmu ke cewa karatun ya isa haka. Da aka ce kowane ɗalibi ya zo da ruwan tabkin garinsu, shi ya naɗe wando ya shiga har gwiwa ya ciko mini gora, yana cewa, "Abin da boko ka biɗa, ba ka tambaya tai dalili."

Abu ɗaya ne ya ƙi shiga kansa. Biyoloji nake karantawa, wato ilimin halittu: tsirrai, ƙwari, kifaye. Shi kuwa tun da ya ga hotona cikin farar rigar labo ya yanke hukunci. Duk fasinjan da ya hau babur ɗinsa sai ya sha labarin "ƙanwata likita". Na yi bayani har bakina ya gaji.

"Yaya, ko allura ban iya ba."

"To mi kuka yankawa can?"

"Kwaɗi."

"Da kwaɗi aka hwarawa, ƙanwata. Mutane na nan tahe."

Matarsa Rabi ce ta ba ni sauran labarin da na iso gida. Zazzaɓi ya kama shi, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa. Ta roƙe shi ya je asibiti, ya ce, "Ga mu da likita gida, in tahi in nuna ma baƙo jikina? Hutu ya kusa." Ya kuma hana a gaya mini, wai kada a dagula mini jarrabawa. Sai da ya daina gane mutane aka ɗora shi a amalanke. A hanya ya cika.

Na san kwana ne ya ƙare. Duk da haka ina jin haushi, Yaya, ba zan ɓoye ba. Da ka kira ni sau ɗaya, amsar da nake da ita ko ɗan firamare ya san ta: tashi ka tafi asibiti yau.

A zaman makoki wata maƙwabciya ta ɗora mini jaririnta a cinya, jikinsa zafi rau. "Likita, duba min shi." Saura kaɗan in yi mata tsawa. Na leƙa waje na kira ɗaya daga cikin abokan aikin Yaya da suka zo gaisuwa, na ce ya tayar da babur ya kai ta asibiti. Ta tsaya tana cewa ai marigayi ne da bakinsa ya faɗa mata ni likita ce. Na ce, "Hau ki tahi. Shi ma ni ya tsaya jira."

Allah ya jiƙan Yaya Sanusi, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da Aljanna kan ɗawainiyar da ya yi da ni. Allah ya ba Inna da Rabi haƙuri, ya raya 'ya'yansa, ya sa in sun yi ciwo kada su jira kowa. Amin.