Ƙafar Hagun Gwaggo Asabe

Duk wanda ya taɓa bin bayan Gwaggo Asabe a hanyar Nyanya ya gane ta tun kafin ya ga fuskarta. Tsohuwar jif ce ruwan toka, jar wutar birki, wato danja, a kunne, amma mota na sharara gudu. Ka rage don ka ga danja, ita ba ta rage ba. Ka ce yanzu za ta tsaya, sai ka ga ta wuce tirela. Har direbobin bas suka gaji da yi mata hon, suka koma ɗaga mata hannu suna cewa, "Mama Danja, a sauka lafiya!"

Ku da kuka san ta kun san dalili: da ƙafa biyu take tuƙi. Ta dama a kan totur, ta hagu a kwance a kan birki, tun daga ƙofar gida har inda za ta.

Ni na fi kowa shan wannan tuƙin. Ƙanwar babana ce, kuma a gidanta na Karu na zauna tun da na zo bautar ƙasa har na yi aure. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. A makon farko na yi ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, a makarantar tuƙi an ce mana motar da ba ta da kuloci da ƙafa ɗaya ake tuƙa ta."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Uwata, duba ƙasa. Abin takawa nawa kika gani?"

"Biyu."

"Ƙafata nawa?"

"Biyu, Gwaggo."

"To wace ce za ta zauna ta ci banza?"

Shi ke nan, an rufe maganar.

To ita dai mota ba ta san gardama ba. A cikin kowace taya ta gaba akwai wani faifan ƙarfe da birki ke matsewa idan an taka. In ana ta goga shi ba hutu sai ya ɗau zafi, ya lanƙwashe. Ka ga a gangaren Kugbo, inda kowa ke taka birki, nan jif ɗin Gwaggo take nuna halinta. Sitiyari ya kama rawa, madubi na rawa, hannun Gwaggo na rawa har kafaɗa, ni kuma haƙorana na haɗuwa ina salati. Ita kuwa ko a jikinta. Sai ta ce, "Ga shi nan kuma. Bitrus ya sake sa mini jabu."

Bitrus shi ne makanikenta, wani bawan Allah mai haƙuri da ke da gareji a bayan tashar Nyanya. Kada wani ya ce bai gaya mata gaskiya ba. Tun zuwan farko ya gaya mata, a gabana.

Ya ce, "Mama, motar nan ba shi da laifi. Ƙafan ki ne. Ki cire shi a kan birki."

Ta sauke tabarau ta dube shi. "Bitrus, mota na kawo maka ko ƙafa?"

"Mota ne, Mama."

"To ƙafa aikina ne. Na yi ritaya ina babbar nas, na ɗaure ƙafafun da suka fi gashin kanka yawa. Kai tsaya a kan ƙarfe."

Bitrus ya tsaya a kan ƙarfe. Ya kai faifan wurin masu injin kankara, a kankare shi ya miƙe, ya mayar. Bayan 'yan watanni mu dawo. A sake kankarewa. Har wata rana ya ɗago faifan ya nuna mata, ya ce, "Mama, in na ƙara kankare wannan, za ki iya tankaɗe gari da shi." Sai a sayi sabo. An sa na kanti, an sa na gwanjo, an sa wani da aka ce daga Legas aka yo odarsa. Duk ƙarshensu ɗaya.

Wai kuma duk wannan bai isa ba, sai da ta ƙara da jinya. Wata rana mun dawo daga gari, ta sauko ta kai hannu kusa da taya, ta ji zafi na bugowa. Ta ce, "Innalillahi! Uwata, zazzaɓi! Kawo bokiti." Na ɗebo ruwan randa mai sanyi, ta sheƙa wa tayar. Ji kake caaa! Tururi ya tashi har kajin gidan suka watse. Ta zagaya ɗaya tayar ta yi mata haka. Daga ranar ya zama ƙa'ida, ba a shiga gida sai an sauke wa mota zazzaɓi.

Da Bitrus ya ji labari, sai ya ajiye sifana ya zauna a kan benci ya riƙe kai. "Mama! Ƙarfe mai zafi, ruwa mai sanyi? Ai ke kike lanƙwasa shi da hannun ki!"

Ta ce, "Ka taɓa ganin yaron da jikinsa ya yi zafi aka bar shi?"

"Mama, wannan ba yaro ba ne."

"Shi ya sa ban ba ta farasitamol ba."

Kun kuma san Gwaggo ba ta yar da abu. Duk faifan da aka cire sai ta sa an ɗora mata a bayan mota. Ta ce da guminta ta saye shi, ba za ta bar wa 'yan gwangwan su ci arziki a kanta ba. Idan kun tuna gidan Karu, abin da ke tokare get ɗin nan faifan birki ne. Wanda randa ke zaune a kai, shi ne. Kwanon akurkin kaji da su aka danne shi don iska. A gonarta ta hanyar Karshi ta rataya ɗaya a bishiyar mangwaro, tana buga shi da ƙarfe idan abincin 'yan aiki ya iso. Ranar da aka kai ni ɗakina, muna buɗe kaya da ƙawayena sai muka ga wani abu mai nauyi a naɗe cikin sabuwar atamfa. Muka ɗauka wata tukunya ce ta ƙasar waje. Muka warware. Faifan birki! An wanke shi tas, har da shafa masa mai. Na kira ta a waya, na ce, "Gwaggo, wannan fa?"

Ta ce, "Ƙofar kicin ɗinki na gani tana rufe kanta. Ki gode Allah, na gaban dama na ba ki, ya fi sauran kyau."

Amma akwai ranar da ba a yi dariya ba. Ta ɗauko Ilham, 'yar Yaya Nasiru, babban ɗanta, daga makaranta, bayan mota kuma cike da buhunan masara. Suna cikin gangaren Kugbo birki ya yi zafin da ya daina kamawa sosai. Ta taka, mota na tafiya. Allah ya sa ba ta ruɗe ba, ta karkata gefen hanya ta cusa kan motar cikin tarin yashin masu gini. Ba wanda ya ji ciwo, sai Ilham da ta fasa leɓe.

Da yamma Yaya Nasiru ya zo ko kayan ofis bai cire ba. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce, "Hajiya, don girman Allah ki ba ni makullin nan. Zan kawo miki direba, ko na sauya miki mota."

Ta miƙa masa ba musu. Muka dubi juna, muka ce yau Gwaggo ta saduda. Washegari da safe sai na ji jif na tashi. Ashe tana da wani makullin a cikin gwangwanin allura.

Amma ga abin da na lura da shi, ban kuma taɓa jin ta faɗa wa kowa ba: daga ranar ba ta ƙara ɗaukar jika ko ɗaya a motar ba. In yara suka maƙale mata sai ta ce, "Ku bi ubanku, motarsa akwai sanyi."

Direban ma an kawo shi, wani dattijo mai natsuwa, Malam Idi. Gwaggo ta zauna a gaba, ba ta kallon hanya, ƙafafunsa take kallo. Bai yi mako ba ta sallame shi, ta haɗa masa da doya da kaza. Yaya Nasiru ya zo yana tambaya ko wani laifi ya yi.

Ta ce, "Ba shi da laifi, mutumin kirki ne. Amma ba zan ɗauki mutum mai ƙafa biyu aiki ba, ya zo yana yi mini da ɗaya."

Abin da ya gagari Bitrus da Yaya Nasiru, santsi ne ya yi shi. Da damina ta zame a gona ta gurɗe gwiwar hagu. Likita ya sa mata wani abin ɗauri tun daga cinya har ƙwauri, ƙafa ba ta lanƙwasuwa. Muka ce to, yanzu dole ta zauna. Ina! Ta tura kujera baya, ta miƙe ƙafar can gefe kamar sanda, ta ci gaba da tuƙi da ta dama. Bokitin ruwa ma ta daina ɗauka, don likita ya hana ta ɗaukar nauyi, ni kuma na riga na bar gidan.

Jama'a, danja ta mutu. Sitiyari ya natsu. Wata direbar makaranta da ke bin hanyar ta ce mini ta ɗauka an sayar da motar ne. Damina ta wuce, rani ya wuce, ba a je gareji ba. Har Bitrus ya kasa haƙuri, ya wanke hannu ya zo gida ran wata Asabar da ledar lemo, na kuwa ci sa'a ina nan.

Ya ce, "Mama, ko na yi laifi ne? Ko kin samu wani makanike?"

Ta ce, "Ko kaɗan. Ai ina ta yabonka. Wannan karon ka ji tsoron Allah ka sa mini na gaske."

Bitrus ya dubi ƙafar da ke miƙe a kan kujera. Ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Haka ne, Mama. Mun gode Allah."

Gwiwa ta warke, aka kwance ɗauri, ƙafa ta koma mazauninta. Ba a daɗe ba sitiyari ya dawo da rawarsa. Ta kira ni tana cewa, "Uwata, kin gani? Shi ma jabu ne. Ya dai fi 'yan'uwansa haƙuri."

Haka muka ci gaba har bara. Wata ranar Laraba da la'asar ta aiko a kira ni daga ofis, abin da ba ta taɓa yi ba. Na iske motar a waje, ba ta shigar da ita ba. Tana zaune a tsakar gida da mayafinta, ko takalmi ba ta cire ba. Na gaishe ta, ta amsa, sannan ta miƙo mini makulli.

Ta ce, "A hanyar gona wata mata ta tsallako, da itace a kafaɗa da goyo a baya. Ban gan ta ba, Uwata."

Na ce, "Birkin ne ya ƙi?"

"Birki ya kama. Ni ce ban gan ta ba. Sai da na ji itacen ya daki madubi. Ido ne. Ba abin da ya same su. Na kai ta har gida, na duba yaron da hannuna, na ba mijinta haƙuri. Har ruwa suka ba ni."

Na karɓi makullin. Na ce ko za a je a duba idon, wataƙila tabarau ne. Ta ce za a je, amma ko an gyara ta gama.

"Ki kai wa Nasiru makullin. Kuma kada ki bari ya ce ai dama ya faɗa. Shi a kan birki ya yi magana. Ba a kan maganarsa na bari ba."

Na yi dariya, hawaye na zubo mini. Ita ma ta murmusa, ta ce in tashi in ɗora mata ruwan shayi.

Ba ta ƙara zama a bayan sitiyari ba. Bayan ƙaramar salla ta kwanta ciwon da bai kai mako biyu ba, Allah ya karɓi abarsa da safiyar Juma'a, muna kusa da ita.

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta. Yadda ta yi jinyar bayinsa da hannunta, Allah ya karɓe ta da rahamarsa. Mu kuma da ta bari, Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya sa mu cika da imani. Amin.