Karan Awon Haliru

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Haliru na Kalgo ya san sai an auna shi kafin a amsa masa. Kana yin sallama, ya riga ya jingina maka karan dawa a kafaɗa, ya runtse ido ɗaya, sannan ya ce, "Amin alaikassalam, gajere." Ni taubashinsa ne, na sha wannan wulaƙanci shekara da shekaru. Wallahi yau da zan samu mai yi mini shi, da na gode Allah.

Da can ba haka yake ba. Manomi ne kamar kowa, sai shekarar yaƙin Jamus da aka kwashi samari, aka tafi da ɗansa tilo, Ummaru, dogon nan da ke duƙawa a ƙofar zaurensu. Labarin ƙarshe da muka ji shi ne an sa su a jirgin ƙasa a Zungeru. Haliru bai taɓa ganin jirgi ba, amma ya zauna a zaure ya kama haɗa nasa da kara, yana gina sojoji da yumɓun fadama. Kowane soja tsawon yatsansa na tsakiya ne, sai Ummaru da ya ɗara su da faɗin farce. Komai kuma dole ya dace da wannan awo.

Wata ranar kasuwa na kawo masa dokin yumɓu daga Gwandu, na ce ga na hafsan sojojinsa. Ya ajiye shi kusa da taragon jirginsa, ya dube shi, ya dube ni.

"Taubashi, wanga doki ne ko giwa? In ya yi atishawa ai ya kifar mini da jirgi!"

Ya miƙa wa matarsa Hajo, ya ce ta tokare ƙofa da shi. Kai, Haliru!

Ita ma Hajon ba ta tsira ba. Ran da itace ya jiƙe ta ɗauki tarago ɗaya ta hura wuta. Bai yi faɗa ba. Ya kwaso sojoji takwas ya jera mata a bakin murhu, ya ce, "To, ke kika ƙona musu abin hawa, sai ki san inda za su kwana." Kwana uku tana tsallake su tana tuƙa tuwo.

Da aka gama yaƙi, wani Saje Mamman ya dawo Gwandu. Haliru ya taka da ƙafa har can, ni ina binsa ina mita. Bai tambayi yaƙi ba, ƙofar tarago ya tambaya. Ya dinga jan bawan Allah nan daga ƙofar zaure zuwa ta masallaci yana cewa, "Kamar wagga? Ko ta fi?"

Saje ya gaji ya ce, "Baba, ni dai ban duƙa ba. Amma dogaye irin ɗanka sai sun duƙa."

Da muka iso gida, Haliru ko hutawa bai yi ba. Ya zauna ya wargaza aikin rani uku, ya ɗaga kowace ƙofa.

Na ce, "Haba Haliru, ai jirgin Nasara ba haka yake ba. Kai da ba ka yarda a kauce wa awo?"

Ya ce, "Na Nasara shi ya kai shi. Nawa shi zai maido shi, kuma ɗana ba zai sauko a duƙe ba."

Tun daga ranar ban ƙara yi masa ba'a a kan jirgi ba. Ummaru kuwa bai dawo ba, ko wanda ya ga kabarinsa ba mu samu ba.

Ran da Haliru ya cika, aka ce in yanko karan da za a auna shi a kai wa masu haƙa kabari. Hajo ta ce in duba bayan ƙofa. Na tarar da kara biyu ɗaure da rama, ɗaya dogo, ɗaya gajere.

Ta ce, "Tun bara ya yanka. Gajeren nasa ne. Dogon ya ce na Ummaru ne, don bai sani ba ko ya samu mai auna shi a can."

Na jingina gajeren a kafaɗata. Ashe na fi shi tsawo, ɗan banza, duk shekarun nan! Na yi dariya, hawaye na zuba, na kasa tsayar da ko ɗaya. Da muka rufe shi, duka biyun muka kwantar a kan kabarin.

Allah ya jiƙan Haliru, ya jiƙan Ummaru a duk ƙasar da yake kwance. Allah ya haɗa su, ya buɗe musu ƙofar da ba sai yaron ya duƙa ba.