Hasumiyar da Ta Ƙi Jin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi kusan shekara talatin yana magana da jiragen sama. Aikinsa ke nan: ya zauna a hasumiyar filin jirgi da makirfo a bakinsa, ya ce wa wannan matuƙi ya sauko, wancan ya dakata, wani ya yi ta zagaye har a share masa hanya. Mu da muka tashi a Argungu ba mu taɓa ganin hasumiyar ba, muryar dai muka sani. In ya zo hutu ya yi gyaran murya a ƙofar gida, duk mai ƙiriniya a cikinmu sai ya shiga taitayinsa.

Bai daɗe da ajiye aiki ya dawo gida ba, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, hannun dama ya dawo rabi da rabi, amma harshe ya yi nauyi. Magana tana fita, sai dai a jaye, kamar mai tafiya cikin lakar fadama. Wanda ya saba da shi zai gane, wanda bai saba ba sai ya ce "Na'am?" sau biyu. Wannan na'am ɗin ce ta rufe masa baki, ya koma gyaɗa kai da nuni da hannu.

Abin da ya fi ci wa kowa rai shi ne maganar babban ɗansa da ke aiki a Legas. Lokacin wayar hannu ta shigo mana ke nan, jihar Kebbi ba ta daɗe da haura shekara goma ba. Duk Lahadi bayan la'asar ɗan zai kira, Kawu ya kau da kai, matarsa da muke kira Inna ta karɓa ta ce, "Shina lahiya, shina gaishe ka." Wata bakwai ana haka, ɗa bai ji muryar ubansa ba.

Ɗan ne ya yi dabara ya aiko da kwamfuta. A cikinta akwai wasan tuƙin jirgi, irin wanda za ka ga kanka zaune a kujerar matuƙi, ga agogunan jirgi, ga titin tashi a gabanka. Akwai kuma hasumiya mai jin magana. Ka sa abin ji a kunne, ka danna maɓalli, ka nemi izinin tashi ko sauka da Turancin masu aikin, wata murya ta amsa maka daga cikin na'urar. Tunaninsa shi ne, in Kawu ya ƙi magana da mutane, ƙila ya yarda ya yi da jirage.

Ni aka kira in haɗa. A lokacin ina buga takardu a wani ofishin gwamnati a Birnin Kebbi, ina haya a Badariya, kuma a danginmu duk wanda ya iya kunna kwamfuta injiniya ne. Ban taɓa musa wannan sarauta ba, daɗinta nake ji. Na kafa ta a zaure, inda Kawu yake wuni yana karɓar masu zuwa dubiya. Na nuna masa wurin da ake koya mata murya: tana fito da rubutu, mutum ya karanta a fili, ita kuma ta riƙa sabawa da bakinsa. Na ce, "Kawu, a yi ta karanta mata, in karatu ya yi yawa za ta gane." Na faɗa a tsaye, takalmi a ƙafa, don ina so in sami motar Birnin Kebbi kafin magariba.

Bayan sati biyu Inna ta aiko direban wata mota ya same ni a ofis, wai abin nan ba ya ji. Ranar Asabar na je. Kawu ya sa abin ji, ya gyara zama, ya danna maɓalli da hannun hagu, ya nemi izinin tashi. Kalmomin nan ya ji su daga bakin matuƙa sau ba adadi, ba wanda zai koya masa jerinsu. Muryar cikin na'urar, sanyi ƙalau, ta ce ya sake faɗa. Ya sake. Ta ce ya sake. A na uku ya cire abin jin ya ajiye a kan tabarma.

"Ni ka hwaɗa ma mutane hakanga," in ji shi, a hankali, yana jan kowace kalma. "Yau ga ƙarhe na hwaɗa min."

Na ji zuciyata ta karye, amma na daure na ce ƙaramin abu ne.

Asabar uku na yi ina fama da ƙaramin abin nan. Na fara da fanka, na ce iskarta ce take shiga makirfo, muka kashe muka zauna muna gumi. Ba canji. Na koma kan janareto, aka ja shi har bayan rumbun albasa, aka ƙara waya. Ba canji. Na sayo sabon makirfo a kasuwa, na yanko soso na ɗaura masa, na matsar da shi gefen baki, na ƙara ƙarfin ɗauka, na rage. Har na kai ga koya wa Kawu yadda ake danna maɓalli: ka danna, ka ja numfashi ɗaya, sannan ka yi magana. Ya dube ni wani irin kallo, mutumin da ya tsufa yana danna irin wannan maɓallin. Ni da kaina na ji kunya ta kama ni.

Zan faɗi gaskiya, tunda abin ya wuce. A Asabar ta uku na riga na yanke hukunci a raina cewa harshen Kawu ne matsalar. A mota, daga Argungu har muka wuce Ambursa, ba abin da nake yi sai tsara yadda zan gaya wa ɗan nasa ya haƙura. Wani abu guda ne ya tsaya mini. Da na gwada da bakina, ni ma rabin maganata take ganewa. Na ɗora laifin a kan Turancina, na wuce wurin. Kawu kuwa ya daina tambayata ko an dace, kuma Inna ta ce mini ko gaisuwar safe ya fara mayarwa da ɗaga hannu.

Asabar ta huɗu na yi sammako, na iso da hantsi, lokacin da ban saba zuwa ba. Tun daga waje na ji zaure ya cika da dariya. Ina shiga na tarar da wani maƙwabci, dillalin albasa mai Turancin firamare, sanye da abin ji a kan hularsa, yana karanta wa kwamfuta rubutun koyon murya da dukan ƙarfinsa. Wani tsohon hedimasta na gefe yana gyara masa, yana jiran layinsa. Ƙwaryar fura na zagayawa, makirfo ma na zagayawa. Kawu na jingine da bango yana murmushi.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Wa yac ce ku taɓa ta?"

Dattawa ne sa'annin iyayena, a gidan da ba nawa ba. Dillalin ya cire abin jin ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, injiniya." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, amma hira ta riga ta mutu, suka riƙa sallama suna fita.

Da muka rage mu biyu na tambayi Kawu tun yaushe ake haka. Ya ce tun ranar da na tafi. Na ce shi fa, sau nawa ya karanta? Ya ɗaga yatsa ɗaya, sannan ya lanƙwasa shi rabi.

"Kai kac ce a yi ta karanta mata," in ji shi. "Kuma baƙo na zamne, ka ci abu kai ɗai? Wa ka yin haka?" Ya dubi tabarma. "Na ce ta hwara koyo ga masu baki lahiya. In ta iya, sannan ta zaka gare ni."

Sai a lokacin na gane. Na'urar nan bakin mutum ɗaya take koya, ta riƙe yadda yake furta kowane sauti. Kawu ya ba ta bakin dillali, da na hedimasta, da na duk wani mai ɗan Turanci da ya zo dubiya, ta cakuɗa su ta fitar da wani mutum da ba a haifa ba. Shi ya sa ba ta jin sa, ba ta jin ni, ba ta jin kowa. Ni kuma da na yi sati uku ina yaƙi da fanka, ban taɓa tambayar wa yake karatun ba.

Na ce, "Kawu, ba laihin bakinka ba na. Ba ta taɓa jin shi ba."

Gyaran a wajen kwamfuta ba wuya, a buɗe sabon shafi da sunansa, ya karanta shi kaɗai. Wuyar tana wajen zauren. Ba za ka ce wa mai zuwa dubiya ya koma ba, ba za ka rufe zaure da rana tsaka ba, gari zai ɗauka an yi rashi ko an yi faɗa. Kuma in baƙo ya zauna yana kallo, Kawu zai miƙa masa makirfo. Muna ta juya maganar sai muryar Inna ta fito daga bayan labule, ashe tana ji.

"Ku kawo ta ɗakina," in ji ta. "In ga namijin da ka shigowa nan shi yi karatu."

Haka aka yi. Muka kwashe kwamfuta da wayoyinta zuwa cikin gida, inda baƙon namiji ba ya shiga, muka ɗora ta a kan teburin da Inna take jera kwanukanta. Masu dubiya suna zuwa zaure, a ce musu mai gida na ciki, su sha ruwa su jira, ba wanda ya ji an wulaƙanta shi.

Da ya fara karatun sai na ga yana ƙoƙarin fito da tsohuwar muryarsa, yana matse baki, jijiyar wuya a miƙe. Na ce ya bari, ya karanta yadda yake magana yanzu, da nauyin da komai, don wannan bakin ne zai nemi izinin sauka. Bai so maganar ba. Ya nuna mini ƙofa da haɓa, na fita.

Na zauna a tsakar gida kusa da Inna tana tsince shinkafa a faifai. Daga ɗaki muryar Kawu tana fitowa, a jaye, yana tuntuɓe yana komawa baya, yana ci gaba. Ya fi rabin awa bai tsaya ba. Hannun Inna ya daina motsi a kan faifan. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tun da yak kwanta ban ji shi ya yi magana mai tsawo hakanga ba." Turanci ne, ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ba ta tashi daga wurin ba har ya gama.

Na koma aiki na bar shi da umarnin ya karanta kullum bayan ya karya. Asabar ta gaba muka gwada. Ya danna, ya nemi izinin tashi. Na'urar ta ce ya sake faɗa. Shi kuwa ya ja numfashi, ya sake, bai yi sauri ba, bai ɗaga murya ba. Muryar ta amsa, ta kira lambar jirginsa, ta ba shi titi, ta faɗi yanayin iska. Ya maimaita mata umarnin yadda ƙa'ida ta ce, ta karɓa.

Jirgin dai bai kai ko'ina ba. Kawu bai taɓa tuƙi ba a rayuwarsa, ya tashi a karkace ya faɗa cikin wata gona. Ya yi dariya har da tari, ya ce shekara talatin yana yi wa matuƙa faɗa, ashe su ma suna da uzuri. Daga ranar ba kullum take gane shi a karon farko ba, wani lokaci sai ya faɗa sau biyu, wani lokaci sau uku, amma ya daina cire abin jin.

Na kwana a Argungu. Washegari Lahadi, bayan la'asar, muna zaune gindin darbejiyar tsakar gida, don nan ne kawai waya take samun layi. Ta yi ƙara a hannun Inna. Ta kai ta kunne ke nan Kawu ya miƙo hannunsa na hagu. Ta dube shi, ta dube ni, ta sa masa a tafi.

Ya yi sallama, ya tambayi ɗansa aiki. Wayar tana da ƙara, duk muna ji. Daga can ɗan ya ce, "Wa ke magana? Ban ji ba."

Inna ta miƙa hannu za ta karɓa, yadda ta saba. Kawu bai ba ta ba. Ya ja numfashi ɗaya, ya sake faɗa, a hankali, da nauyin da komai. Sai muka ji ɗan ya ce, "Baba."

"Ni na," in ji Kawu. "Ina jin ka."

Inna ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. Ni na tashi na koma zaure, na ce wa masu jira mai gida yana waya, zai ɗan jima.