Kafin Ƙoƙo Ya Nutse

Ranar wata Alhamis da la'asar, a ranin shekarar da na shiga aji huɗu, aka fara ɗora ni a kujerar alƙali. An kifa tsohon turmin Inna a gindin dogonyaron da ke ƙofar gidanmu a Katanga, aka naɗa mini gyalenta a ka ya zama rawani, aka ajiye baho cike da ruwa a gabana. Yayana Bello ya ɗora wani ɗan ƙoƙo mai huda a kan ruwan, ya ɗaga murya ya ce, "Alƙali, ƙoƙo na shan ruwa!" 'Ya'yan maƙwabta biyu suka durƙusa. Ɗaya wai direba ne daga Aliero, ɗaya kuma mai zabuwar da mota ta take. Suna ta rantse-rantse, ni kuwa ƙoƙon kawai nake kallo yana cika. Da ya kusa nutsewa na yi ihu na ɗaure direban. Yaya Bello ya girgiza kai, ya ce ai zabuwar tun jiya ta mutu, mai ita ne ya jefa ta a titi. Aka sauke ni daga turmin, na yi tsallen kwaɗo har bakin rijiya, yara suna ta shewa.

Yaya Bello ne ya ƙirƙiro wasan, kuma ban taɓa ganin irinsa a wani gari ba. Yana da ciwon sikila, saboda haka idan sa'anninsa suka tafi fadama ban ruwan albasa, shi yana kan tabarma da ƙafafunsa sirara da idanunsa masu ɗorawa-ɗorawa. A nan yake tsara shari'o'insa. Yakan kira yara biyu ya raɗa wa kowanne abin da zai faɗa, gaskiyar lamarin kuwa ta zauna a cikinsa shi kaɗai. Dole alƙali ya yanke hukunci kafin ƙoƙo ya nutse. In ya dace ya ci gaba da zama, in ya kuskure horon ya koma kansa. Nakan yi sauri in gama surfe da ɗebo ruwa, in zuba wa awaki harawa, don kada a fara ba ni. Mahautan Jega, masu awon gero, ɓarayin kaji, duk sun gurfana a gaban turmin nan.

A ranin nan ne Baba ya ɗauki wani saurayi daga Sarandosa mai suna Umaru don ya taya shi aikin albasa. Dogo ne, ba shi da yawan magana, a bukkar fadama yake kwana yana gadin injin ban ruwa. Tun zuwansa jininsu ya haɗu da Yaya Bello. In jikin Yaya ya yi dama, Umaru kan goya shi har fadama ya zaunar da shi a bakin fangalin albasa, ya ga yadda ruwa ke bin lawashi, ya dawo yana warin albasa yana ba mu labari kamar wanda ya je Makka. Wata rana ma Umaru ya yarda ya shiga wasanmu. Ƙato da shi ya durƙusa gaban wata 'yar ficiciyar alƙaliya yana kukan ƙarya, wai ba shi ya ci tuwon ba, har su Inna da ke bayan zana suka riƙa dariya suna tari.

Albasa ta fara ɗaura kai, zafi ya tsananta, sai aka wayi gari injin ya ɓace. Da amfanin gonar bara Baba ya saye shi, ba mu da wani. Ina shara a zaure Umaru ya iso a guje, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce ya shigo gari sallar asuba, da ya koma sai tiyo kawai ya tarar. Kafin ya kai ƙarshen zancen maƙwabta sun taru. Wani ya ce, "Baƙo na, wa as san gidansu?" Wani ya ce dama shirun nan nasa bai kwanta masa ba. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Yaya Bello, da ya kwana ƙafafu na masa ciwo, ya jawo jiki ya dafa bango ya ce, "Baba, ku bari shi ƙare magana." Baba ko waiwayowa bai yi ba, ya ce masa ya shige gida. Umaru ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Alhaji, Allah na gani na." Kafin rana ta yi zafi ya naɗe tabarmarsa ya kama hanya.

Da injin aro aka ceci abin da ya ceto, sauran albasar ta bushe a tsaye. Injin dai ba a sake ganinsa ba. Wasu suka ce an hango irinsa a kasuwar Aliero, wasu suka riƙa ƙus-ƙus da sunan wani ɗan'uwanmu na jini. Babu wanda ya tabbatar da komai.

Da aka kwana biyu muka kifa turmi muka kawo baho, ko Yaya zai sake. Ya yarda. Ya raɗa wa yaro ɗaya ya zama mai gona, ɗaya ya zama ɗan gadi, kowa kuma ya gane shari'ar da ake yi. Alƙalin ranar ya wanke ɗan gadin, muka juya gaba ɗaya muna jiran Yaya ya faɗi gaskiya kamar kullum. Ya daɗe yana kallon ruwan. Can ya ce, "Ni ma ban sani ba." Ya juya ya kwanta yana fuskantar bango. Daga ranar kotunmu ta tashi.

Da damina ta sauka ciwon ya taso masa da ƙarfi. Aka kai shi Jega a bayan mota, aka dawo da shi a naɗe. Ana cikin zaman makoki sai ga Umaru, ya rame, wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Ban san wanda ya kai masa labari ba. Ya zauna a ƙarshen tabarma ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya matso ya ba Baba hannu ya yi masa gaisuwa. Ina leƙe ta ƙofar zaure. Baba ya riƙe hannun bai saki ba, bakinsa na motsi, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Ka zo?" Umaru ya ce, "Na zo." Ya ƙi tsayawa cin abinci. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yanzu a Jega nake aure. Kwanan baya na tarar da ɗiyata kwance a ɗaki da wayata, ta sauke wani ƙaramin wasan waya da aka ce mutum ɗaya ne ya haɗa shi a ɗakinsa. Ana nuno fuskar wanda ake tuhuma da 'yan layuka kaɗan, lokaci na gudu a sama, ka ja yatsa dama ka sake shi, ka ja hagu ka ɗaure shi. Nan take wayar ta faɗa maka ko ka dace. In ta ɗaure marar laifi sai ta yi dariya ta danna ta sake farawa, mutumin ya dawo da fuskarsa kamar ba a yi masa komai ba. Ita kaɗai take wasanta, ba shewar yara, ba mai sa ta tsallen kwaɗo. Baba kuwa ya tsufa a Katanga, idanunsa sun dushe, wani lokaci ana tsakiyar wata hira sai ya tambaya ko akwai mai zuwa wajen Sarandosa. In an ce me za a yi masa, sai ya ce a bari.

A wasan ɗiyata ana sakewa. Namu, na Umaru, sau ɗaya aka yi shi.