Dakan Ƙaiƙayi a Gaban Baƙi

Ranar Alhamis ce, bayan an gama ɗaure damman gero, a shekarar da nake ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu da ke kusa da Bande. Tun kafin rana ta fito muka cika fili, kowa cikin kayan sallarsa, mun kewaye tsohon kamyon da ke kai buhunan wake kasuwar Magariya, wanda aka ɗauko mana haya. Atamfa ce a jikina mai ruwan ganye, da jan takalmin roba da Babana ya sayo mini musamman don wannan tafiya. Innata ta cika mini kwano da dambun zogale, ta ɗura ruwa a bido, 'yar jarkar roba, ta shafe mini ƙafafu da mai har suna ƙyalli. Da zan hau mota ta riƙo hannuna ta ce, "Ki buɗe ido da kyau, Salamatu. Ni ban taɓa wuce Bande ba."

Ba kyauta aka ba mu tafiyar nan ba. Malaminmu, Mushe Ilya kamar yadda muke kiransa da Faransanci, wani saurayi mutumin Dungas, shi ya cusa mana son ganin wani tsohon gari da ke cikin duwatsu dab da birnin Damagaram. Ba zan faɗi sunan garin ba, don mutanensa ba su yi mini komai ba. Ya zana mana ganuwarsa a allo, ya ba mu labarin marinarsa, da soron da fatake ke sauka da raƙumansu, da wata rijiya da ake shiga ta matakala har mutum ya taɓa ruwa da hannunsa. Ya ce akwai wani tsoho can da ya san sunayen waɗanda suka sari garin. Saboda haka muka noma gyaɗa a bayan lakwal duk hutun damina. Sai mun gama aikin gonar gida, mun ɗebo ruwa, mun kai wa iyayenmu fura, sannan mu ruga can, maza da hauya, mu mata muna cirar ciyawa da korar awaki. Da kaka ta yi muka tsinke ta, muka ɓare har yatsunmu suka yi kanta, aka sayar aka biya hayar mota. Ko wasanmu ya canza. Muka bar carafke da 'yar gala-gala, muka koma jeruwa a bayan ƙawata Hadiza, tana riƙe da faifai tana murzawa wai tuƙi take yi, mu kuma muna ihu, "A tsaya, mun iso!"

Waƙa muka yi ta yi a hanya, muna tsaye riƙe da ƙarafan kamyo, gawo da kuka suna gudu baya. Yawancinmu ranar muka fara ganin dutsen da ya fi ɗaki girma. Da hantsi muka hango jar ganuwa tsakanin duwatsu, kamar yadda Mushe ya zana ta, sai kowa ya kaure da shewa.

A ƙofar garin wani mutum mai farar riga da baƙin tabarau ya tare mu. Shi ne ke kula da tsohon soron yana kuma zagayawa da masu ziyara. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, irin duban da ake yi wa tumaki a kasuwa, sannan ya ja Mushe gefe. Daga baya muka ji abin da ya ce: wai manyan baƙi na tafe daga Yamai tare da Turawa, ga yaran garin duk suna lakwal, mata sun tafi kasuwar birni, shi kuma yana son a ga mutane a tsakar gidan don wurin ya yi rai. Mun ga Mushe yana girgiza kai. Sai mutumin ya raɗa masa cewa cikin baƙin akwai wani babba a harkar ilimi. Mushe kuwa malamin kwantiragi ne, ba a riga an tabbatar da shi a aiki ba. Ya dawo wurinmu kafaɗunsa a sake, ya ce, "Ɗan lokaci ne kawai, yara. Mu taimaka musu, sai mu shiga."

Abin da aka fara sa mu shi ne cire takalma. "Mutanen dauri ba su san roba ba," in ji mai tabarau. Aka tara takalman a bayan zaure tare da kwanoninmu da bidodinmu. Ya fito da wasu tsofaffin zannuwan saƙi masu warin jemage, ya ce mu ɗaura a kan atamfofinmu. Maza aka cire musu riguna, aka ba su sanduna, aka zaunar da su kusa da awakin wani. Ni da Hadiza aka tsayar da mu a gaban turmi, kowa da taɓarya. Na leƙa ciki, babu ko ƙwayar hatsi, ƙaiƙayi ne zalla. Haka muka tsaya rana tana ta hawa, ƙasa ta ɗau zafi, kana ɗaga wannan ƙafa kana sauke waccan. Ƙananan cikinmu suka fara kukan yunwa, aka hana su zuwa ga kwanoninsu, wai kada baƙi su iso su tarar ana cin abinci. Aka kira azahar muna tsaye.

Can sai ga fararen motoci. Baƙin suka fito har da 'ya'yansu, sa'anninmu, da takalma da safa da huluna. Mai tabarau ya tafa hannu ya ce, "Ku fara! Ku yi lugude, ku yi waƙa!" Muka shiga daka. Ƙaiƙayi ya tashi ya cika mana ido da wuya, ga zufa, ga ƙaiƙayin jiki, su kuwa suna ta ɗaukar hoto, wani ya durƙusa, wani ya hau dutse. Wata mata mai leshi, wadda na ji tana yi wa ɗanta faɗa da Hausa irin tamu, ta juya ta ce wa wata Baturiya da Faransanci wai yaran nan ba su san mene ne lakwal ba, daga safe har dare rayuwarsu ke nan. Babu kalmar da ta wuce mu. Na tsaya riƙe da taɓaryata. Hadiza ce ta saki tata ta faɗi ƙasa. Ta ɗaga murya, da Faransancin da Mushe ya koya mana, ta ce mu 'yan lakwal ne, daga Bande muka zo, kuma kallo muka zo yi kamar yadda suka zo.

Sai baƙin suka fashe da dariya, har da tafi, kamar sun ji aku ya yi magana. Wani ya zuba mata alawa a hannu. Ba ta dunƙule hannun ba, alawar ta zube cikin rairayi. Mai tabarau ya matso yana murmushi don baƙi, ya ce mata ƙasa-ƙasa, "Ɗauki taɓaryarki, marar kunya." Ni kuwa Mushe nake kallo. Yana tsaye jikin katanga, kansa a sunkuye. Na yi ta jira ya ɗago ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Bai ɗago ba.

Aka fito da tsohon nan mai tarihi, ya shige gaba, baƙin suka bi shi ciki. Muna jin muryoyinsu suna amsa kuwwa daga cikin rijiya, mu kuma an ce kada mu motsa, wai ko za su so ƙarin hoto in sun fito. Ba su tafi ba sai bayan la'asar. Tsohon ya gaji, jikansa ya kama hannunsa ya kai shi gida. Mai tabarau ya karɓe zannuwansa, ya danna wa ƙofar soron kwaɗo, ya ce mu dawo wata rana. Direbanmu kuma yana ta danna oda, don fitilun kamyonsa ba sa aiki, dole mu isa gida da sauran haske. Abin da na gani na garin nan duka bai wuce abin da ido ɗaya ke hangowa ta tsagar ƙyaure ba: wata katanga da inuwar bishiya. A mota muka buɗe kwanoninmu, dambuna ya riga ya yi tsami. Babu wanda ya yi waƙa.

Da na shiga gida Innata ta taso da murna, ni kuwa na faɗa jikinta na fashe da kuka. Ita ta jiƙa mini tafin ƙafa da ya yi bororo. Da gari ya waye Babana ya tattara iyaye suka nufi lakwal. Muna cikin aji muka ji muryarsa: "Mushe, daka ne babu a gidajenmu, da sai an kai su Damagaram su yi shi?" Mushe bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, tsoro ne ya kama ni. Ku yafe mini." Sun yafe masa, amma damina ta gaba babu uban da ya bar ɗansa ya taka gonar lakwal. Ta koma ƙarangiya da tafasa, ƙannenmu kuma har suka gama ba a kai su ko'ina ba. Fushina da Mushe ya daɗe da hucewa, don na girma na san yadda tsoron rasa aiki ke ɗaure bakin mutum. Na mai tabarau da matar nan mai leshi kuwa yana nan. Har yau in na tuna cewa hotona yana ajiye a gidan wani, babu takalmi, an ce ga yarinyar da ba ta san lakwal ba, sai in ji zuciyata ta tafasa.

Yanzu ina aikin jinya a Magariya, hanya kuma ta yi sauƙi, mutum kan je ya dawo kafin azahar. Bara na ɗauki 'ya'yana muka je. Ruwan sama ya cinye ganuwar sai ɗan tudu, an cike marinar da shara, soron ya rufta. Tsohon ya daɗe da rasuwa, kuma duk wanda na tambaya tarihin sai ya ce in tambayi wani. Yarana suka yi ta hawa duwatsu suna ɗaukar juna hoto da waya, babu mai tsare su, babu mai ce musu su cire komai. Na zauna a inuwa ina kallonsu, ina tunanin 'yan ajinmu da suka noma damina guda don su shiga nan. An bar mu mun shiga, amma sai da garin ya tafi.