Gwaggo Lieve, Wadda Ta Ara Mini Hancinta

Da safiyar Talata, sha huɗu ga Oktoba, ina tsaye a bakin tukunyar dahuwar giya, ɗanki Dries ya kira ni a waya. Bai ja magana ba. Ya ce, "Marleen, Mama ta rasu." Na kashe wuta, na zauna a kan buhun sha'ir, na daɗe ban motsa ba. Godelieve Vanneste, wadda duk mai dafa giya daga garin Poperinge har bakin teku yake kira Gwaggo Lieve, kin cika a gidanki kina da shekara saba'in da tara, bayan jinyar da kika sha tun farkon shekara.

Ba ki taɓa dafa ko kwalba ɗaya ba. Aikinki ɗanɗanawa ne da yanke hukunci, musamman a kan baƙar giyar nan mai ƙarfi da muke ajiyewa domin lokacin sanyi. Tare kuka tashi da mahaifina Achiel, don haka tun ina ƙarama nake kallon yadda kike yi. Sai ki ɗaga kofi wajen taga, ki nemi jan nan da ke ɓoye a cikin baƙin. Ki duba kumfa ko za ta tsaya ko za ta gudu. In an kawo miki ita da sanyi ƙarara, sai ki rungume kofin da tafin hannuwanki biyu, ki ce a bar ta ta farka tukuna. Daga nan ki sunsuna, ki rufe ido, ki fara lissafo abin da kika tarar: zabibi, busasshen ɓaure, kanumfari, sukarin da ya kusa ƙonewa. Kina kurɓa sai ɗaki ya yi tsit. Kin sha faɗa cewa ƙarfin irin wannan giya ɗumi ya kamata ya zama a ƙirji, in ya ƙona maƙogwaro to mai ita ya yi gaggawa.

Ana tsoron bakinki, amma ban san wanda ya tashi daga gabanki ba tare da ya san abin da zai gyara ba. Wani matashi ya taɓa kawo miki tasa yana ta cika baki. Kika kurɓa, kika ce, "Ɗana, wannan in ka zuba wa babur zai kai ka Ieper ya dawo da kai." Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Washegari kuma kika hau kekenki kika je har rumfarsa, kika nuna masa cewa zafi ne ya yi wa yis ɗinsa yawa, wato abin da ke sa giya ta tashi. Yau yana cikin waɗanda ake ji da su.

Ni kuwa abin da kika yi mini ya wuce gyaran giya.

Shekarar da korona ta kama ni, na tashi lafiya amma hancina ya mutu. Kofi da ruwan zafi duk ɗaya suke a wurina. Mahaifina ya riga ya rasu, gidan giyar da kakanmu ya kafa yana hannuna, ga ma'aikata da iyalansu. Na ci gaba da dahuwa da ƙiyasi, ina fatan abin zai wuce. Da giyar Kirsimeti ta nuna, na kira ki ki ɗanɗana kamar yadda kika saba yi wa mahaifina. Kika kai kofi hanci, kika ajiye, kika dube ni.

"'Yar Achiel, kin sunsuna wannan kuwa?"

Na ce ba na jin komai, Gwaggo, tun watan Maris.

"To tsami ya shige ta. Ba gyara. Zubarwa za a yi."

Muka buɗe famfon tanki tare, muna kallo aikin wata da watanni yana bin magudana. Na ce miki zan sayar da gidan, domin mai dahuwar da ba ta jin ƙanshi ba ta da amfani. Kika bari na gama kukana, sannan kika ce, "Nawa hancin zaman banza yake yi ranar Laraba. Ki riƙe shi aro har naki ya dawo daga yawo."

Haka kuwa aka yi. Duk Laraba, ko ana ruwa ko ana iska, sai ga ki a kan keke. Ki bi tankuna ɗaya bayan ɗaya, ki gaya mini wanda ke tafiya daidai da wanda ke son a rage masa zafi. Bayan haka ki fito da ƙananan kwalabe daga jakarki, wannan kanumfari, wannan ɓawon lemo, wannan garin kofi, ki sa ni in yi ta shaƙa ina tuno yadda ƙanshinsu yake. Na gaji, na yi fushi, wata rana har na ce ki daina wahalar da kanki. Kika ce ai ba don ni kike zuwa ba, miyar gidanmu ce ta fi ta mijinki Omer daɗi.

Ranar da hancin ya fara dawowa, muna tsaye ne a ƙofar gida. Maƙwabcinmu yana watsa kashin shanu a gonarsa. Na yamutsa fuska na ce, "Kai, wannan wari!" Sai muka tsaya muna kallon juna. Kika rungume ni kina dariya har da hawaye, kina cewa, "Da kashin shanu za mu fara? To madalla, kanumfari na nan tafe!"

A gasar lardi ta shekarar da ta biyo, na shigar da baƙar giyarmu. Alƙalai, har da ke, ba sa ganin suna, lamba ce kawai a jikin kofi. Waɗanda suka zauna tare da ke sun ba ni labari cewa da kika sunsuna kofi ɗaya, sai kika miƙe, kika ce kin san wannan tun tana cikin tanki, don haka ba ki da bakin magana a kanta. Kika fita waje har aka gama. Muka zo na biyu. Na same ki ina ɗan gunaguni, kika ce, "Daidai suka yi. Ta farkon ta fi ki haƙuri. Ki ƙara wa taki wata biyu a ɗakin ƙasa." Na ƙara, kuma gaskiyarki ne.

A watan jiya na zo duba ki da kwalba daga sabuwar dahuwa. Likita ya hana ki sha, magunguna kuma sun ɗauke miki jin ƙanshi. Kika sa Omer ya kawo kofi mai faɗin baki, kika ce in zuba in gaya miki abin da ke ciki. Na ɗaga wajen taga, na ɗumama, na sunsuna. Na ce akwai zabibi da dabino, akwai ɓawon burodi, ɗumin yana sauka a hankali. Kika ce, "Sai me?" Na kurɓa, sannan na ce zaƙin ya ɗan zarce, yana manne wa harshe a ƙarshe. Kika buɗe ido.

"Kin kushe taki da bakinki, ba wanda ya tilasta ki. Na gaya wa masu gasa su ba ki kujerata ta alƙalanci. Kada ki yi mini gardama, ba ni da ƙarfinta."

Na karɓa, Gwaggo. Zan zauna a wurin in sanyi ya wuce. Duk wanda na kushe wa giya, zan bi shi har rumfarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dries da matarsa Annemie, da 'yarki Trees, da jikokinki, da dukan masu wannan sana'a da suka cika coci ranar jana'izarki har wasu suka tsaya a waje cikin yayyafi. Allah ya ji ƙanki, Gwaggo Lieve, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutawa cikin haskensa. Ya ba iyalinki haƙuri, ya sa gaskiyarki da taushin zuciyarki su bi zuriyarki.

Kai kuma Baba Omer, da ka yi fiye da shekara hamsin kana zaune da ita ba ka taɓa son giya ba, Allah ya riƙe ka, ya sanyaya maka zuciya. Na san gidan ya yi maka faɗi. Ranar Lahadi bayan coci kujerarka tana teburinmu, kuma in ba ka zo ba, da kaina zan zo in ɗauke ka.