Ƙasar Shamuwa da Garin Kurciya

Iya, mahaifiyar babanmu, ba ta taɓa wuce Ɗambatta ba, don haka da Ɗambatta take auna duniya. In rediyo ta ambaci wata ƙasa, tambayarta ɗaya ce: "Ta kai Ɗambatta ranar kasuwa?"

Da bazara, in an gama cin tuwo, sai ta jawo kwandon gyaɗar iri kusa da murhu, inda sauran garwashi ke ba da ɗan haske. Ba a jin tatsuniyarta hannu sake. Kowa da ƙwaryarsa, ana ɓara ana saurare. Ni da ƙanena Habibu ne a gabanta, mahaifiyarmu Inna kuma tana gefe tana wanke tukwane. Habibu take kira maigida, irin wasan kaka da jika, shi ne kuma mai satar gyaɗa.

"Maigida, irin da ka haɗiye ba a cikinka zai tsiro ba," in ji ta. "To, ga ta nan a ƙofa."

"Ta shigo, akwai tabarma," in ji Habibu.

Tatsuniyar da ta fi yi mana a wannan lokaci ita ce ta shamuwa da kurciya, don a lokacin ne shamuwa ke sauka a kan kukar bayan masallaci, kowa ya san ruwa ya kusa.

Wai kurciya ba ta taɓa barin garinmu ba, shamuwa kuwa duk rani sai ta tafi wata babbar ƙasa, ta dawo tana cika baki. Rannan kurciya ta ce, "Ƙasar nan taki, ina take?" Shamuwa ta ce tana kudu, bayan manyan koguna, tafiyar da sai fiffike ya yi tsami. Kurciya ta ce garinta dai ga shi nan, daga kuka zuwa rafi. "Ruwanta fa?" Shamuwa ta ce can ba a fita roƙon ruwa, sama ba ta bushewa, ba su ma san rumbu ba. Kurciya ta ce a nan damina gajera ce, sauran shekara ana kallon sama. "Mutanenta fa?" Shamuwa ta ce in kowa ya ɗaga hannu, rana ba za ta taɓa ƙasa ba. Kurciya ta ce nata mutanen ba su da yawa, da tari ma tana gane kowa.

A nan Habibu ke katse ta. "Iya, ai ƙasa daban, gari daban. Malaminmu ya ce a cikin ƙasa ɗaya akwai garuruwa ba iyaka."

"To malamin naku ya zo ya ƙarasa mana. Ɓara, maigida."

Wata shekara shamuwa ta makara, ta sauka ita kaɗai. Kurciya ta tambaye ta ina mijinta. Ta ce ciwo ya kama shi a can, ya faɗi a bakin hanya, mutane suka yini suna wucewa. Kurciya ta ce, "Ba kin ce ba sa ƙirguwa ba?" Shamuwa ta ce, "Ranar na ƙirga su. Ko ɗaya babu." Tun daga nan, in ji Iya, shamuwa ba ta yin ƙwai ko'ina sai a garinmu. Ba ta rufe wannan tatsuniya da wasa kamar sauran. Sai ta tura icce cikin murhu ta ce ita in za ta ƙirga mutanen wuri, waɗanda za su tsaya a kanka take ƙirgawa.

"Ni sai na je na gani," in ji Habibu.

"Je ka mana, ka bar ni da zawarci."

Iya ta daɗe da rasuwa kafin ya tafi. Gonar gidanmu ba ta isa iyali biyu ba, sai ya bi wasu zuwa Aljeriya aikin gini. In ya bugo waya, da kansa yake amsa tambayoyin kurciya yana dariya. Ya ce ƙasar tana arewa, bayan hamada, garin da yake kuma kusa da teku. Ya ce ruwansu da sanyi tare suke zuwa, lokacin da muke shuka su rani suke yi. "Mutane kuwa, Yaya Sale, da tsohuwa tana nan da na ce mata ta fi Ɗambatta."

Bara, cikin sanyi, wani da ba mu sani ba ya bugo ya ce Habibu ya rasu, ciwon ƙirji ne. Layin ya yanke, lambar ba ta ƙara shiga ba. Aka yi zaman makoki, ƙofar gidanmu ta cika, sai dai babu gawa. Inna ba ta yi kururuwa ba, ta karɓi mutuwar. Abin da ta kasa karɓa shi ne rashin sani. "Wa ya yi masa wanka? Wa ya sallace shi?" Kullum ke nan. Ta bar cin abinci sai ɗan kunu, ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta. Ita ma ta ji tatsuniyar daga wajen tukwane. Ba mu taɓa ambaton bakin hanyar nan ba, amma na san can hankalinmu yake, ni da ita.

Bayan wasu watanni wani mutumin wajen Ungogo, Malam Iro, ya yi ta tambaya har ya gano gidanmu. Ɗaki ɗaya suka zauna da Habibu, shi ne kuma ya bugo wayar. Inna ta fito zaure da kanta.

"Ni na yi masa wanka, Inna, ni da wani ɗan Damagaram," in ji shi. "Mu Hausawa ba mu cika sahu ɗaya ba. Amma da la'asar muka kai shi masallacin unguwa, liman ya sanar, ba wanda ya fita. Ko sunansa ba su sani ba. Sahu har waje. Wani tsoho mai shago ya kama makara, ya ƙi sakar wa kowa."

Inna ta ce, "Gabas ɗinsu fa, irin tamu ce?"

"Gabas ce. Mu nan muna ɗan karkata hagu, su can suna ɗan karkata dama. Wuri ɗaya ake kallo."

"Ƙasar ba ta yi tauri ba?"

"An kwana ana ruwa. Ta yi taushi kamar gonar da ta sha ruwan shuka."

Ta yi hamdala, ta yi wa tsohon mai shago addu'a. Sannan ta ce, "Sale, a kawo wa baƙo abinci. Ni ma a zubo mini."

Na daɗe ina juya maganar Iya. Yadda take ƙirga mutane ban same shi da kuskure ba. Abin da ba ta sani ba, tunda ba ta wuce Ɗambatta ba, shi ne a ƙasar da ba a san sunanka ba ma ana iya tsayawa a kanka.

Bana da shamuwa ta sauka, na jawo kwandon gyaɗa na tara 'ya'yana da na Habibu, na fara musu tatsuniyar shamuwa da kurciya. Da na zo bakin hanyar nan, sai na ce mutanen sun tsaya. Inna tana gefen murhu.

"Ba haka tsohuwa take faɗinta ba," in ji ta.

Na ce haka ne.

Ta tura icce cikin wuta. "Ci gaba," ta ce. "Ita ba ta ji ƙarshen ba."